Raggon Ido: Ma'anarsa da Abubuwan da Ke Kawo Shi

An shirya wannan takarda domin hakimai da malaman da ke riƙe musu alƙalami, gama maganarsu tana isa inda ta likita ba ta isa. Ranku ya daɗe, batun da za a yi bayani a kansa wata cuta ce ta idon yara wadda ba ta da zafi, ba ta sa ido ya yi ja, ba ta kawo kwantsa ko hawaye, amma tana iya raba mutum da amfanin idonsa ɗaya har iyakar ransa. Likitoci sun ƙiyasta cikin yara 100 ana samun 2 ko 3 masu ita. Watau in akwai yara 1,000 a makarantun gunduma guda, ba mamaki a sami 20 ko 30 a cikinsu, kuma galibi ba wanda ya sani, har su kansu yaran.

Likitoci suna kiranta ambiliyofiya. Kalmar ta harshen Yunanawa ce, watau mutanen Girka, ma'anarta kuwa dakushewar gani, kamar dai yadda wuƙa ke dakushewa. A nan mun kira ta raggon ido don sauƙin faɗi, ko da yake sunan akwai zalunci a cikinsa. Idon bai ƙi aiki ba. Daina sauraronsa aka yi.

Yadda gani ke samuwa

Mutane da yawa suna tsammani ido shi kaɗai ke gani. Rabin maganar ke nan. Haske yakan taso daga abin da ake duba, ya shiga ta ƙwayar ido, ya ratsa wani ɗan madubi garau wanda ke tattara shi wuri guda, ya sauka kan wata fata mai laushi da ke shimfiɗe can a bayan ido. Daga nan jijiyar gani, wadda ke ƙunshe da 'yan zaruruwa fiye da miliyan 1, sai ta ɗauki labarin ta kai wa ƙwaƙwalwa, a sashenta na wajen ƙeya. Sai labarin ya isa can an karanta shi, sa'an nan mutum zai ce ya gani. Wannan ba sabon ilmi ba ne. Ibn al-Haisam, malamin nan da aka haifa a Basra wajen shekara ta 965 Miladiyya, ya kuma yi zamansa a Alƙahira, ya bayyana cikin littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke shiga ido daga waje, kuma gani yana cika ne a cikin ƙwaƙwalwa.

Abin da aka gano daga baya shi ne, gani koyonsa ake yi, kamar tafiya da magana. Jariri sabon haihuwa dishi-dishi yake ganin fuskar uwarsa, shi ma sai ta matso kusa. Kowace rana ya buɗe ido ya dubi abu, hanyoyin da ke tsakanin idonsa da ƙwaƙwalwarsa suna ƙara buɗewa suna ƙarfi. Mafi yawan aikin nan cikin watannin farko da shekarun farko ake yinsa, daga nan ya yi ta raguwa har wajen shekara 7 ko 8. Hanyar da ake bi kullum takan zama turba. Wadda aka daina bi kuwa, ciyawa ke cinye ta.

A ce hakimi yana da 'yan aike biyu, kullum tare yake tura su su dubo masa al'amari. Ɗaya in ya komo sai ya kawo labari sarai, daki-daki. Ɗayan kuwa kullum nasa a hargitse yake, ko kuma ya saɓa wa na ɗan'uwansa. Ba da daɗewa ba hakimin zai daina tambayar na biyun, ko da yana tsaye a gabansa. In aka shekara biyar a haka, ko da ɗan aiken nan ya gyaru, an riga an saba ba a jin ta bakinsa. To, haka ƙwaƙwalwar yaro ke yi da idanunsa biyu. In ɗaya yana kawo hoto garau, ɗaya yana kawo gurɓatacce, sai ta kama mai kyan ta ƙyale ɗayan, hanyarsa ta yi ta shafewa. Wannan shi ne raggon ido.

An tabbatar da wannan da gwaji. A farkon shekarun 1960 waɗansu malaman kimiyya biyu, David Hubel da Torsten Wiesel, a Jami'ar Harvard ta Amurka, suka rufe wa 'yan kyanwa ido ɗaya tun suna jarirai, suka bar shi a rufe 'yan watanni. Da suka buɗe, sai ga idon lafiya lau, amma 'yan kyanwan ba su gani da shi, domin sashen ƙwaƙwalwar da ya kamata ya yi masa aiki ya koma yi wa ɗayan. Da suka yi wa babbar kyanwa haka nan, ba abin da ya sami ganinta. Saboda aikinsu a kan gani aka ba su lambar Nobel a 1981.

Abubuwan da ke kawo shi

Wanda kowa ke iya lura da shi shi ne karkataccen ido, irin wanda yara ke yi wa mai shi ba'a da sunan harara-garke. Idanun biyu ba su duban wuri guda. Ɗaya ya karkata wajen hanci ko wajen kunne, wani lokaci sama ko ƙasa. Babban mutum in haka ta same shi farat ɗaya, sai ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Ƙwaƙwalwar yaro kuwa ba ta jure wannan, sai ta kashe hoton idon da ya karkata, yaron ya huta da gani biyu, amma ya biya da ido guda. Jaririn da bai kai wata 4 ba, idanunsa sukan ɗan yi yawo jifa-jifa, wannan ba kome ba ne. Amma in karkatar ta tsaya wuri guda ba ta gushewa, ko kuwa ta wuce wata 4 tana nan, to, kada a saurari masu cewa zai miƙe in ya girma. Sa'ad da ake jiran ya girma, sa'an nan ne idon ke lalacewa.

Na biyu shi ya fi ɓoyo, shi ne kuma dalilin rubuta wannan takarda. Yakan zama idanun biyu ba su daidaita ba wajen tattara haske. Ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo daga gaba zuwa baya, ko kuwa gaban ɗaya bai zagaye daidai ba. Bambancin milimita 1 tak, abin da bai kai ƙwayar gero ba, ya isa ya sa ido ɗaya ya riƙa gani garau, ɗayan kuwa kamar ta cikin hazo. In ka dubi yaron nan ba za ka ga kome ba. Idanunsa a miƙe suke, farare tas. Yana guje-guje, yana kiwo, yana karanta allonsa, har yana iya zama na farko a ajinsu, duk da ido ɗaya. Ba zai taɓa yin kuka da shi ba, gama bai taɓa sanin wani irin gani dabam da wannan ba, yana tsammani haka kowa yake. Akan ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan idon uwa ma, wanda ba abin da ke ɓoye masa a jikin ɗanta, bai san kome ba. Sau da yawa ba a ganewa sai yaron ya zama saurayi, ya je neman aikin soja ko na ɗan sanda, an ce ya rufe ido ɗaya ya karanta, ya ga ba ya iyawa. Wani kuwa sai ranar da ƙura ta shiga masa ido mai kyan. A lokacin nan an makara ƙwarai, alhali kuwa tabarau guda tun yana ɗan shekara 4 da ya yi masa magani. Wani lokaci idanun biyu duka ke da wannan lahani mai yawa, sai su raunana tare.

Na uku shi ne abin da ke tare haske ya hana shi shiga ido sam. Wannan bai kai sauran yawa ba, amma ya fi su muni da gaggawa. Fatar ido ta sama takan sauko ta rufe ƙwayar idon yaro tun daga haihuwa. Hakiya takan fito a gaban ido bayan ƙyanda ko rauni. Akwai kuma yana. Mutane sun saba yana cutar tsofaffi ce, amma ana haihuwar jariri da ita, wani ta gado, wani saboda uwar ta yi ƙyandar Jamus tana da ciki, wani kuma ba a gane dalili. Bambancin yanar tsoho da ta jariri shi ne wannan. Tsoho ya riga ya gina hanyarsa tun yana yaro, saboda haka ko ya shekara 10 da yana, ranar da aka yi masa aiki sai ya gani. Jariri kuwa bai gina kome ba tukuna. In yanar a ido ɗaya take, likitoci suna so su cire ta kafin ya wuce mako 6, watau kafin uwar ta gama wankan jego. In a biyun take, ba a so a wuce mako 8 zuwa 10. Wanda aka kawo yana ɗan shekara 5, ana iya cire yanar sarai, idon ya yi garau, amma ganin da zai samu kaɗan ne.

Don haka duk jaririn da aka ga fari a tsakiyar baƙin idonsa, ko wani ƙyalli irin na idon kyanwa da dare, a kai shi asibitin ido cikin makon nan. Akwai dalili na biyu mai nauyi. Farin nan wani lokaci ba yana ba ce, ciwon daji ne na cikin ido wanda ke kama ƙananan yara. In an same shi da wuri ana ceton ran yaron, wani sa'in har da idon. In an bar shi yana kisa. Ungozoma da wanzami su ne ke duban fuskar jariri kusa-kusa cikin kwana bakwai na farko, ya kamata wannan magana ta isa kunnensu kafin na kowa.

Cutar ta fi samun bakwaini, da wanda aka haifa ƙarami ƙwarai, da wanda a danginsu akwai mai karkataccen ido ko raggon ido. Gidan da aka sami ɗaya, a gwada ƙannensa.

Raunin gani iri-iri ne

Kada a ɗauka duk wanda ba ya gani sosai raggon ido gare shi. Akwai yaron da tabarau kawai yake bukata, ana sa masa sai ya gani nan take. Mai raggon ido kuwa, ko an sa masa tabarau daidai da idonsa, ba ya gani garau nan da nan, domin lahanin ya riga ya shiga hanya. Akwai dundumi, wanda ƙarancin bitamin A ke kawowa, maganinsa kuwa yana cikin manja da zogale da gwanda da mangwaro da hanta, da kuma ɗigon da ma'aikatan lafiya ke ba yara a baki duk wata 6. Akwai amosanin ido wanda ƙazanta da ƙuda ke yaɗawa. A wurin manya kuma, binciken da aka yi a ko'ina cikin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cikin mutum 100 masu shekara 40 ko fiye, 4 makafi ne. Yana ita ce ta fi makantar da su, sai hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma. Cikin makafi 100 kuwa, 84 makantarsu irin wadda ake iya hanawa ko warkarwa ce. Kowane daga cikin waɗannan ya isa a yi masa takarda tasa. An ambace su ne a nan don a bambanta.

Yadda ake ganewa

Dabarar guda ce, ba ta kuma bukatar kuɗi: a gwada kowane ido shi kaɗai. Muddin idanun biyu suna buɗe, mai kyan zai yi ta rufa wa ɗan'uwansa asiri.

In yaron bai fara magana ba, a nuna masa wani abu mai ɗaukar hankali, a sa tafin hannu a kare masa ido ɗaya, sa'an nan a koma ɗayan. In an kare wannan bai kula ba, amma an kare wancan ya ture hannu ya fashe da kuka, to, mai kyan aka kare, an bar shi da wanda ba ya gani da shi. A maimaita sau biyu ko uku, gama wani yaron ƙin taɓa fuska kawai yake yi.

Daga shekara 4 ana iya amfani da allon gwajin ido, wanda wani likita Herman Snellen ya ƙirƙiro a Utrecht ta ƙasar Holan a 1862. Akwai irin da aka yi domin waɗanda ba su san boko ba, harafi guda ne mai ƙafa uku, ana juya shi sama da ƙasa, dama da hagu, yaro ya nuna da yatsunsa inda ƙafafun suka fuskanta. Ana rataye allon wurin da haske yake, yaro ya tsaya nesa da shi mita 6, kamar taku takwas na babban mutum. A rufe ido ɗaya da kwali. Kada a yarda ya rufe da yatsu, domin yara gwanayen leƙe ne, kuma wanda idonsa ke da rauni shi ya fi kowa iya leƙen, ba don ha'inci ba, don dai yana so ya faɗi daidai a yabe shi. Kowane layi yana da lamba. Lambar 6/12 ma'anarta abin da lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 12, shi sai ya matso mita 6. Yaron da ya kasa karanta layin 6/12 da ɗaya daga cikin idanunsa, ko kuwa ido ɗaya ya fi ɗaya da layi biyu, a tura shi wurin likitan ido. Malamin makaranta mai natsuwa yana iya koyon wannan cikin hantsi guda.

Magani, da abin da ke hana shi ci

Da fari likita zai kau da abin da ya kawo cutar. In yana ce a cire, in tabarau ne a ba shi. Yara da yawa tabarau kaɗai ke gyara su cikin 'yan watanni, in dai ana sawa kullum. In bai isa ba, sai a rufe ido mai kyan da filasta, don a tilasta wa ƙwaƙwalwa ta koma sauraron wanda ta yar. Dabarar tsohuwa ce, wani masani Bafaranshe, Buffon, ya ba da shawararta tun 1743. Dā akan rufe yini zubur. Binciken da aka buga a Amurka a 2003 ya nuna awa 2 kowace rana ta isa ga wanda nasa matsakaici ne, awa 6 ga wanda nasa ya yi tsanani. Akwai kuma maganin ɗigawa mai suna atirofin, wanda ke dushe ganin ido mai kyan na ɗan lokaci, ya yi aikin filastar. Shi wannan likita kaɗai ke ba da shi, kuma a ɓoye shi daga yara, gama guba ne in an sha. Aikin da ake yi don miƙar da karkataccen ido yana gyara tsayuwar ido, amma ba ya koya masa gani, saboda haka ba ya ɗauke rufewar.

A nan ne rigima take. Uba ya kai ɗansa don idon hagu, ya ga an manne na dama, sai ya ce likita ya yi kuskure. Yaron da aka rufe wa idon da ya dogara da shi zai yi kuka, zai yi tuntuɓe, zai ɓalle filastar. Maƙwabta za su yi ta tambaya ko rauni ya ji. Kakarsa kuwa ba za ta iya kallonsa yana kuka ba, sai ta cire da kanta, ta ce a bar mata miji ya sarara. Waɗansu kuma suna ganin tabarau a fuskar ɗan yaro gayu ne, ko su ce yana ƙara lalata ido, alhali ba ya lalatawa. A ganin mai rubutun nan, abin da ya fi kashe maganin nan shi ne tausayi, ya ma fi rashin kuɗi. Makonnin farko su ne masu wuya. Da idon ya fara farfaɗowa sai kukan ya ragu. Amma kada kowa ya rufe wa ɗansa ido don kansa ba da awon likita ba, domin in an zarce da rufewa a wurin ƙaramin yaro, mai kyan ma yana iya raunana.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma kada a fid da rai ga wanda ya ɗan tasa. Wani bincike na 2005, shi ma a Amurka, ya nuna wajen rabin yara 'yan shekara 7 zuwa 12 sun sami ƙarin gani da aka yi musu cikakken magani. Bayan an warke kuma a ci gaba da komawa, gama cikin yara 4 da aka daina wa magani, wajen 1 cutar takan komo masa cikin shekara guda.

Wani zai ce, tun da yana gani da ɗaya, mene ne abin damuwa? Mai ido ɗaya ba ya auna nisa da zurfi daidai kamar mai biyu, kuma akwai ayyukan da ba a ɗaukarsa. Amma babban abin tsoro shi ne ba shi da na ajiya. A ƙasarmu ƙaya tana nan, da tsinken kara, da ƙaiƙayi lokacin sussuka, da danƙon harbin tsuntsu, da tartsatsin walda. Ga kuma ruwan ganye da sauran abubuwan da ake ɗigawa cikin ido mai ciwo, waɗanda sau da yawa suna mai da ƙaramin ciwo ya zama hakiya. Ko a Rotterdam ta Holan, inda asibiti ke kusa da kowa, binciken da aka buga a 2007 ya nuna cikin masu raggon ido 100, wajen 18 sukan rasa kyakkyawan gani a idanun biyu duka kafin ƙarshen ransu, a sauran mutane kuwa 10.

Abin da ake roƙo

Ana roƙon hakimai, in sun tara dagatai da masu unguwa, su sa a karanta musu wannan takarda, su kuma su isar wa limamai da ungozomomi da wanzamai da malaman allo da na Islamiyya da na firamare. In hali ya yi, a shirya da ma'aikacin lafiya na gunduma a gwada kowane yaro, ido ɗaya-ɗaya, shekarar da ya shiga makaranta, 'yan mata da maza duka. A tuna da almajirai, waɗanda iyayensu ba su kusa. Akwai likitocin ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, da asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, kuma babban asibitin da ke kusa zai nuna inda ya fi dacewa a nufa.

Malamin hakimi kuma ya buɗe shafi guda cikin littafinsa. Ya rubuta sunan yaro da na ubansa, da ƙauyensu, da shekarunsa, da idon da ake zargi, dama ko hagu, da ranar da aka tura shi. Ya bar fili a gefe domin ranar da likita ya ce a komo, in ranar ta matso ya aika wa mai unguwa ya tuna wa uban. Jariri mai fari a baƙin ido kuwa kada a tsaya jiran a haɗa shi da sauran, kada kuma a jira ranar kasuwa. A rubuta wa uban takarda ran nan, in ba shi da kuɗin mota a sanar da hakimi.